Daga Allo Zuwa Ɗakin Duhu: Yadda Ɗan Ƙofar Ran Kan Koyi Zane Da Ɗaukar Hoto

Akwai wata magana da kan tayar da hankalin magidanta 'yan Arewa mazauna Kudu, ko fataken shanu ne a Agege, ko 'yan gwari a Mile 12, ko masu harkar goro a Shagamu, ko mazauna Sabo ta Badun. Mutum ya yi shekara da shekaru yana aika kuɗin makaranta gida, yana sa ran ɗansa zai fito likita ko lauya ko injiniya, ran nan sai yaro ya aiko masa cewa, "Baba, ni fa zane nake so in karanta." Da yawa daga cikin iyaye sukan ɗauka yaron ya lalace ke nan, domin a ganinsu zane wasan yara ne a jikin bango, ɗaukar hoto kuwa abu ne da kowane mai waya a aljihu yake yi ba tare da ya je makaranta ba.

To, kafin uba ya yanke hukunci, ya kamata ya san abin da ake koya wa yaron, da irin wuyar da ke ciki, da kuma inda hanyar ta kai waɗanda suka riga shi binta. Don a gane sosai, sai a ɗauki misalin yaro ɗan Ƙofar Ran a cikin birnin Bauchi, a bi shi daki-daki tun daga makarantar allo har ranar da zai wanke fim ɗinsa na farko.

Abin da unguwa ta koya masa

Ƙofar Ran ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Bauchi, birnin da Malam Yakubu ya kafa bayan ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A kan hanyar Ƙofar Ran ne hubbaren Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, wanda aka kashe a watan Janairu na 1966. An buɗe ginin hubbaren a 1979. Duk wanda ya taɓa shiga ya san yadda aka tsara shi: mutum zai fara bi ta wani lungu mai duhu, haske yana ɗan tsattsagowa kaɗan-kaɗan, har ya fito fili inda kabarin yake, sama a buɗe. Masu tsara ginin sun yi haka ne don su nuna tafiyar ƙasar nan daga zamanin mulkin Turawa zuwa samun 'yanci. Amma ga yaro mai sha'awar zane, wannan lungu darasi ne na farko a kan haske da inuwa, watau abubuwa biyu da zai yi sauran rayuwarsa yana fama da su.

Har ila yau ba a bar shi ba gado ba. A ƙasar Bauchi akwai zane-zanen mutanen dā a jikin duwatsu, irin su na Geji a ƙasar Toro da na Shira, inda aka zana shanu da namun daji da jan launi. A Kafin Madaki kuwa akwai tsohon gidan Madaki, wanda ake danganta gininsa ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, shi ne maginin da ya yi masallacin Juma'a na Zariya. Saboda haka wanda ya ce zane baƙon abu ne a Arewa, bai duba bayan gidansu ba.

Tun ma kafin ya shiga firamare, yaron ya riga ya riƙe alƙalami. A makarantar allo ya ga yadda ake haɗa tawada da baƙin gawayi ko shunin tukunya da ƙaro, ya ga yadda ake feƙe alƙalami don layi ya yi kauri a nan ya yi siriri a can, ya kuma ga zayyanar da ake yi wa allo ranar saukar karatu. Hannun da ya saba da jan layi madaidaici a kan allo ya riga ya sami rabin abin da malamin zane zai nema a wurinsa.

Gawayi da fensir

Idan yaron ya gama sakandare ya sami gurbi, akwai wurare da dama da zai nufa. A nan Bauchi akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa mai sashen koyar da tsara kayan masana'antu, a Ikko akwai Kwalejin Fasaha ta Yaba, amma wurin da ya fi suna a Arewa shi ne sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Wannan sashe ya girmi jami'ar ma, domin an dawo da shi Zariya daga Badun a 1955 a ƙarƙashin tsohuwar kwalejin da ta zama jami'a a 1962.

Ɗalibi yakan zo da zaton ran farko za a miƙa masa burushi da fenti. Ina! Gawayi da fensir da takarda su ne abokansa na watanni masu yawa. Za a ajiye masa tulu ko ƙwarya ko kujera a ce ya zana, ya goge, ya sake. Za a koya masa ya miƙa hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawon abu da faɗinsa. A nan zai ji cewa tsawon babban mutum kamar kansa bakwai da rabi ne, kuma idanu a tsakiyar kai suke, ba can sama kusa da gashi ba kamar yadda yara kan zana. Zai kuma koyi dalilin da ya sa titi kan yi kamar yana tsukewa idan ya yi nisa.

Wuyar wannan mataki ita ce, mutum yakan zana abin da ya sani ne, ba abin da yake gani ba. Ya san bakin tulu zagaye ne, sai ya yi da'ira, alhali kuwa daga inda yake zaune bakin ya baje kamar ƙwai. Aikin malami shi ne ya raba shi da wannan hali. Ɗalibin kirki ba ya rabuwa da ƙaramin littafin zane. In ya dawo hutu, za a gan shi a bakin kasuwar Wunti ko Muda Lawal yana zana mai ɗauke da kaya ko mai gyaran keke cikin minti ɗaya ko biyu, kafin mutumin ya motsa.

Shiga launi

Bayan hannu ya faɗa, sai a shiga launi. Da ja da rawaya da shuɗi, a haɗa da fari, ake fitar da yawancin sauran launuka. Akwai fentin ruwa mai bushewa nan da nan, wanda ba ya yafe kuskure, akwai kuma fentin mai wanda kan ɗauki kwanaki bai bushe ba, mutum ya kankare ya sake ɗorawa. Da yake kayan waje suna da tsada, ɗalibai sukan sayi yadi mai kauri su ɗaure a jikin katako, su shafe shi da farin fenti da gam, su yi allon zanensu da kansu.

A nan ne idon yaron Ƙofar Ran zai buɗe a kan garinsu. Zai lura cewa bangon jar ƙasa ba launi ɗaya ba ne: da hantsi yana da ruwan goro, da azahar ya koɗe, da la'asar sakaliya ya yi jawur, inuwar da ke gindinsa kuwa ba baƙa ba ce, tana da shuɗi-shuɗi. Zai lura cewa da hunturu hazo yakan shanye launin duwatsun da ke kewaye da gari har su zama toka-toka, da damina kuma su dawo kore shar. Fuskar baƙin mutum ma, idan aka dube ta sosai, akwai ja a kumatu, akwai shuɗin sama a goshi. Wanda ya shafa ruwan ƙasa kawai ya ce ya gama, bai duba ba.

Akwai kuma tambayar da kowane ɗalibin Zariya yake gāda: me zan zana, kuma da salon wa? A 1958 waɗansu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a makarantar, suka ce ba su zo don su kwaikwayi Turai kawai ba. Ra'ayinsu shi ne a ɗauki dabarun da Turawa suka kawo a haɗa da fasahar gida. Grillo, wanda ya rasu a 2021, ya dawo Ikko ya daɗe yana shugabantar sashen zane a Yaba. Abokin karatunsu Jimo Akolo, mutumin Egbe wanda ya fara zane tun yana Kwalejin Gwamnati ta Keffi, ya shahara da zanen mahaya dawaki da 'yan dambe, ya kuma yi shekaru masu yawa yana koyarwa a Zariya kafin rasuwarsa a 2023. Ga ɗan Bauchi, fasahar gida ita ce zayyana, da aikin wuyan riga, da adon soro, da kayan doki.

Harbi 36 kacal

Mai karatu zai ce, to, me ya kawo fim a wannan zamani? Gaskiya ne kasuwar fim ta faɗi tun da kyamarar zamani da waya suka shigo, har ma kamfanin Kodak na Amurka ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. Amma ba a daina yin fim ba. Kodak da Ilford na Ingila suna nan suna yi, kuma samari masu karatun zane a ƙasashe da dama sun koma nemansa, saboda horon da yake bayarwa.

Nadi ɗaya na ƙaramin fim hoto 36 yake ɗauka, wani ma 24. Babban fim irin na tsofaffin masu hoto 12 ne kawai. Ba gogewa, ba kuma leƙawa a ga abin da ya fito sai an wanke. Mai waya yakan danna sau ɗari ya zaɓi ɗaya, amma mai fim dole ya zaɓa tun kafin ya danna. Sai ya tsaya ya dubi inda rana take, ya dubi abin da ke bayan mutumin, ya jira mai babur ya wuce. Nan ne watannin gawayi da fensir suke biyansa, domin ya riga ya san inda zai ajiye mutum a cikin fili da inda zai bar sarari.

Abubuwa uku yake juyawa: ƙarfin fim ɗin, watau ko mai lamba 100 ne na rana tsaka ko mai lamba 400 na wuri mai ƙarancin haske, faɗin ƙofar da haske zai shiga, da kuma tsawon lokacin da ƙofar za ta zauna a buɗe. Ranar hawan salla, idan yana son doki mai sukuwa ya tsaya cik a hoto, sai ya buɗe na kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri. In kuwa ya jinkirta, ƙafafun doki za su baje kamar hayaƙi, kuma wani lokaci hakan ma yake so.

Akwai wani tarko da kowane mai hoto a Arewa ya sani, watau dattijo baƙi sanye da farar babbar riga da farin rawani. Ma'aunin hasken kyamara yakan ga farin ya yi yawa, ya rage haske, sai riga ta fito da kyau fuska kuwa ta nutse cikin duhu. Maganin abin shi ne a matsa kusa a auna hasken a kan fuskar, ko a ƙara buɗe ƙofar, ko a roƙi dattijon ya koma inuwar zaure inda haske ya yi laushi.

Cikin ɗakin duhu

A jikin fim akwai wani sinadari na azurfa wanda haske ke canza shi. Ana zare fim ɗin a cikin duhu ƙirin, da laluben hannu, a naɗa shi a cikin wani ɗan gwangwani da haske ba ya shiga. Sa'an nan a zuba ruwan magani na farko mai fito da hoto, a ƙidaya mintoci, a zubar, a ɗauraye, a zuba na biyu mai kafe hoton don haske kada ya ƙara taɓa shi, daga nan a wanke da ruwa mai yawa a rataye. Abin da ya fito shi ne negetif, watau uwar hoto, inda fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari.

Ka'idar littafi ita ce ruwan ya kasance a kan digiri 20. To, a Bauchi cikin watan Maris da Afrilu zafi kan kusanci digiri 40, saboda haka sai an sanyaya ruwan da ƙanƙara, ko a yi aikin da asuba da ruwan randa. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gāba, domin ƙwaya ɗaya in ta manne a jikin ɗanyen fim za ta fito farin ɗigo a kowane hoto da aka buga. Masu dabara sukan yayyafa ruwa a ɗaki, su rufe ƙofa, kafin su rataye.

Wajen bugawa a takarda ana kunna jar fitila, don ita ba ta ɓata takardar hoto mai fari da baƙi. Ana haska negetif ta cikin na'ura ya sauka a kan takarda na 'yan daƙiƙoƙi. A nan mai hoto yake komawa mai zane: yakan sa tafin hannu ya tare haske daga fuska don ta yi haske, ya ƙara wa sama lokaci don gajimare ya fito. Takarda ta shiga ruwan magani fara fat, hoto ya taso a hankali.

Kyamara ita ma takan gyara wa mai zane kuskure. Shekaru aru-aru masu zane a Turai suna zana doki mai sukuwa da ƙafafu huɗu a miƙe, biyu gaba biyu baya. A 1878 wani mai hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori a Kalifoniya ya nuna cewa lokacin da doki ya bar ƙasa gaba ɗaya, ƙafafunsa a tattare suke ƙarƙashin ciki.

Waɗanda suka riga shi

Wanda ya fi dacewa ɗan Ƙofar Ran ya duba shi ne Malick Sidibé na ƙasar Mali, Bafillace ɗan ƙauyen Soloba, wanda ya yi kiwo yana yaro. Iya zanensa ne ya sa aka kai shi makarantar sana'o'in hannu ta Bamako a 1952. A 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto, Gérard Guillat, ya nemi ɗalibin da zai yi masa ado a shago, aka ba shi Malick. Da ya gama fenti sai ya zauna yaron shago. A 1956 ya sayi ƙaramar kyamara Brownie, daga baya ya buɗe nasa shagon a unguwar Bagadadji. Ya yi ta ɗaukar samari da 'yan matan Bamako a wuraren biki da bakin kogin Kwara, kuma ya adana negetif ɗinsa cikin kwalaye. Bayan shekaru, waɗannan kwalaye suka zama tarihin ƙasa. Ya sami lambar Hasselblad a 2003, a 2007 kuma aka ba shi Zakin Zinariya a babban baje kolin fasaha na Benis a Italiya, shi ne mai hoto na farko da aka ba wannan lamba ta aikin rayuwa. Ya rasu a 2016.

A nan gida akwai J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya sayi Brownie a 1950, ya fara aiki a ɗakin wankin hoto na Ma'aikatar Watsa Labarai a Badun a 1954. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya, har ya tara kusan hoto 1,000, ya rasu a Ikko a 2014. Mutanen nan biyu ba su je neman abin mamaki a nesa ba. Abin da kowa ke gani kullum ya raina, shi suka tsaya suka duba.

Addini da abinci

Tambayoyi biyu ne suka fi damun iyaye. Ta farko ta addini ce. Malamai sun yi magana mai yawa a kan surar abu mai rai, akwai masu tsanantawa, akwai kuma masu bambanta hoton kyamara da sassaƙa. Amma mafi yawan malamai ba su ga laifi ba a zanen itatuwa da duwatsu da gine-gine da ado da kyakkyawan rubutu, kuma wannan fage ne mai faɗi. Uba da ɗa sai su zauna da malaminsu su tsai da iyaka tun da wuri.

Ta biyu ita ce, zai ci abinci da shi? Gaskiyar magana, fim kaɗai ba zai riƙe gida ba a yau, domin daga waje ake kawo shi da tsada, masu wankewa kuma sun yi ƙaranci. Shi horo ne. Abincin yana wajen koyarwa, da zanen littattafan makaranta, da tsara atamfa, da tallace-tallace, da maɗaba'a, da gidajen jarida da talbijin, da masana'antar finafinan Hausa, da hoton biki. Ko takardar Naira 5, wadda ke ɗauke da fuskar Tafawa Ɓalewa tun 1979, ai hannun mai zane ne ya fitar da ita. Sayar da zane a gidajen baje koli na Ikko kuwa akwai masu samu, amma ba kowa ba, kuma ba da wuri ba.

Uban da ke son ya san ko da gaske ɗansa yake, ba sai ya san zane ba. Ya ce a kawo masa littafin zanen yaron na bara da na bana. In shafuka sun cika, kuma hannu da ƙafa na bana sun fi na bara kama da na mutane, to, yaron yana aiki. In kuwa shafi uku ne sauran fari, sai a sake shawara.

Akwai kuma aikin da ke jiran irin wannan yaro tun yanzu. Yawancin tsofaffin hotunan Arewa da ke cikin littattafai baƙi ne suka ɗauka, da irin idon da suka zo da shi. Gidajen ƙasa suna rushewa ana mai da su na bulo, tsofaffin shagunan hoto suna rufewa ana zubar da negetif ɗinsu. A cikin akwatunan 'yan Arewa mazauna Kudu ma akwai hotunan da aka ɗauka a Idi-Araba da Obalende da Sabo shekaru 40 ko 50 da suka wuce, kuma laimar Kudu tana cinye su. Mai irin wannan ajiya ya fito da ita, ya raba waɗanda suka fara mannewa a hankali, ya rubuta sunaye da wuri da shekara a baya da fensir, ba da biro ba, ya ajiye a wuri busasshe nesa da ƙasa. In da negetif, kada ya yar, don da shi za a iya sake buga hoton. Idan kuma Allah ya ba shi ɗa mai karatun zane, wannan ajiya ita ce ta fi cancanta ya fara damƙa masa in ya je gida hutun salla.